Sayar da itace: akwai riba ko tara wa kai gajiya ne?

Mai_Kango:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, don Allah waɗanda suka san harkar su taimaka. Ƙarshen watan nan ni ne da ɗaukar adashi. Kuɗin ba su kai na kama shago a zuba kaya ba, kuma ina tsoron in ajiye su a gida cefane ya lashe su da kaɗan-kaɗan. Muna da wani kango na gado a bayan gidanmu, nan gefen Kano ta wajen Kumbotso, an kewaye shi da bulo amma babu rufi. Na lura tun da gas ya yi tsada layinmu gida-gida an koma hura murhu, tukunyar gas sai dafa shayin safe. Dattijon da ke kasa itace a bakin titinmu kafin la'asar ya kaɗe rigarsa ya tafi, kaya sun ƙare. Shi ne uwargida ta ce me zai hana mu sauke mota guda a kangon. Yayana kuwa dariya ya yi, wai shi bai taɓa ganin wanda ya gina gida da kuɗin itace ba. To wa ke da gaskiya a cikinsu?

Abu_Gatari:
Wa alaikumus salam. Ƙanina, ka ce wa yayan naka ya zo gidana ya sha ruwa. Ba bene ba ne, ɗaki uku ne da zaure, amma ba na biyan kowa haya, kuma gatari ne ya gina shi. Shekarata 14 a wannan sana'a.

Abin da mutane ba su gane ba, ribar ba a cikin mota take ba. In ka sauke mota ka sayar da gungume yadda ya zo, direba da masu sara ka yi wa aiki. Ribar tana bakin gatari. Gungumen da mai gidan burodi zai taya maka a dunƙule, in ka faskara shi ka kasa ƙanana-ƙanana na girki ɗaya, abin da zai fito ya kusa ninka tayin nasa. Domin matar da ke aiko yaro da kuɗin girkin rana ba ta da na sayen dami, kullum sai ta aiko, kuma ita ce ke biya nan take. Abu na biyu shi ne ajiya. Ka cika kangon nan tun watan Afrilu, lokacin da hanyar daji a bushe take, ka jira Agusta. Ranar da aka kwana ana ruwa, mai busasshen itace a unguwa shi ne sarki, ba mai yi maka ciniki.

Lissafi_Dole:
Malam Abu, mun ji zance mai daɗi, amma a ba mu lissafi. Nawa ke shiga, nawa ke fita? Da yawan masu ƙananan sana'o'i uwar kuɗi suke ci suna zaton riba ce.

Abu_Gatari:
Ba zan rubuta farashi ba, don wanda na saya a watan jiya ba shi ne na yau ba, kada wani ya riƙe ni da shi. Amma ka raba abin da nake tarawa a mota guda gida goma. Wajen shida na itacen ne da kuɗin mota. Ɗaya na masu saukewa da yaran da ke taya ni faskare. Ɗaya yana tafiya a gyara da bashin da ba ya dawowa da abin da gara ta ci. Biyu ne nawa, da damina su zama uku. Mota kuma takan ɗauke ni mako uku zuwa wata kafin ta ƙare.

Lissafi_Dole:
To ka ga inda nake nufi. Biyun nan da ka ce naka ne, ka cire ladan ƙarfinka a ciki? Da wani ka yi wa faskaren nan wata guda ai biyanka zai yi. Kuma wurin naka ne, ba ka sa kuɗin haya ba. In aka cire waɗannan ina jin abin da zai rage ba zai sayi buhun masara ba.

Abu_Gatari:
Ɗan boko ke nan. Ƙarfin nawa in ban sayar da shi a nan ba wa zai saya? A majalisa zan ƙarar da shi ana gardamar ƙwallo.

Direban_Kanta:
Ni nake kawo muku kayan, bari in faɗi nawa ɓangaren. Lokacin da nake yaron mota, mu fita da asuba mu dawo kafin azahar da kaya. Yanzu sai mun nausa Tudun Wada da Doguwa, wani lokaci mu faɗa ƙasar Ningi a Bauchi, ko mu gangara wajen Saminaka. Kwana biyu, in mota ta kafe a rafi kwana uku. Duk shekara dajin ƙara ja da baya yake yi, mu kuma muna bin sa da mai. Ga shingaye a hanya, kowanne sai ka sauko ka gaisa, kun dai gane. Ko rasit na hannunka sai an ce kayan sun fi abin da aka rubuta. Duk wannan a kan wa yake sauka? A kan mai saye.

Mai_Kango, shawarata ɗaya: kada ka taɓa biyan kuɗin mota ba ka ga kayan ba. Akwai masu shirya lodi, su jera manyan busassu a gefe da sama, tsakiya kuwa rami ne da ɗanye da ruɓaɓɓe. Ka hau saman motar da kanka ka zaro daga tsakiya.

Bakatsine_01:
Ai duk cire tallafin nan ne ya jawo. Tun daga ranar komai ya rikice.

Direban_Kanta:
Gyara kaɗan ɗan uwa. Tallafin da Tinubu ya ce ya tafi ranar 29 ga Mayu 2023 na fetur ne, shi ya daki 'yan a-kori-kura da masu injin yanka. Mu manyan motoci dizal muke sha, shi kuwa tun 2022 ya yi tashin gwauron zabi, lokacin da Rasha ta shiga Yukren. Mun riga ku kuka da shekara guda.

Hajiya_MaiWaina:
Ni ba na sayarwa, saye nake, shekara ashirin ina gaban tanda. Ɗana, in za ka yi, ka fara koyon itacen kansa, don ba duk abin da aka saro daga daji ne itacen girki ba. Marke shi ne gaba, wutarsa a natse take, garwashinsa ya kai ka har ƙarshen suya. Ƙirya ma haka, shi ya sa maƙera ba sa son gawayin da ba nata ba. Turare yana kamawa da wuri amma fuu ɗaya ya cinye, sai mai sauri. Kuka kuwa ko kyauta aka ba ka kada ka ɗauka, soso ce. In ka ɗaga guda biyu ka gwara su, busasshe ƙara yake yi ƙwal, ɗanye kuwa dum. Kuma ka duba bakin, busasshe za ka ga ya tsattsage.

Akwai wani yaro da na yi shekara uku ina saye a wurinsa. Rana ɗaya ya cusa min ɗanyen darbejiya a tsakiyar dami, ranar kuma ina da aikin waina na suna, kwano shida na shinkafa. Tun asuba nake fifita, itace na kumfa ta gindi yana tsiyaya, idona ya yi jawur, masu suna sun aiko sau uku. Ban yi masa faɗa ba. Ban dai ƙara aika masa ba, kuma duk masu ƙosai da awara na layinmu sun ji labari.

Dan_Tsire:
Hajiya ta gama magana. Mu ma nama ba ya son itace mai wari. Wanda ya riƙe mana amana ba ma canja shi ko ya ƙara kuɗi. Ka kuma sa ido a kan Babbar Sallah, kwana ukun nan na suya ana sayen itace kamar a yi dambe.

Bakatsine_01:
Hajiya ba ki ambaci tsamiya ba. Ko tsoron masu ita kike? Mu a garinmu ba mai sa mata gatari sai ya yi sallama.

Hajiya_MaiWaina:
Kai dai Bakatsine ba ka rabo da shaƙiyanci. Wutar tsamiya ba ta da laifi, masu faskare ne ba sa son ta.

Abu_Gatari:
Gaskiyar Hajiya. Aljanin da na sani a jikin tsamiya shi ne taurinta. Ta taɓa karya min ƙota biyu a wuni ɗaya.

Na_Gwada_Na_Bari:
Ni kam na yi, kuma na fita da ƙafafuna, don haka bari in ba ka ɗaya gefen. Na fara da mota biyu, kasuwa ta buɗe, har na fara hangen aure na biyu. Sai wani gidan burodi suka ce in riƙa kai musu duk mako, su biya ƙarshen wata. Na ga babban ciniki, na daina kula masu sayen na girki ɗaya. Wata na farko suka biya cif. Na biyu suka ba da rabi, wai fulawa ta tashi. Na uku na je na tarar da kwaɗo a ƙofa, maigadi ya ce an rufe sai abin da hali ya yi. Itacen mota uku ya zama toka a tandarsu, toka kuwa ba a kai ta gaban alƙali a ce ga kayana.

Ragowar da ke fili kuma a ƙasa na zube shi, ban san ana ɗora shi a kan duwatsu ba. Da na zo ɗagawa bayan damina, layin ƙasa gaba ɗaya gara ta cinye cikinsa, ka ɗauki gungume kamar kwali, ka matsa ya rugurguje. A nan ne kuma kunama ta harbi ƙaramin ɗana. Ranar mahaifiyarsa ta ce ko itace ko ita. Yanzu lemo da ruwan leda nake sayarwa.

Mai_Kango:
Subhanallah. Allah ya mayar da alheri, Yaya. Maganar kunamar nan ta tsaya min, don katanga ɗaya ce tsakanin kangon da ɗakin yarana.

Abu_Gatari:
Kunama da maciji dole ne, tare da kayan suke zuwa daga daji. Ka jera duwatsu ko tsofaffin bulo ka ɗora a kai, ka bar rata tsakaninsa da katanga yadda mutum zai wuce, ka share ƙasan duk mako. Kada yaro ya sa hannu a tsibi da magariba. Maganar burodi kuwa, ni ma ina kai musu, amma sai na ga kuɗin na jiya nake sauke na yau.

Almajirin_Malam:
Ina so in ja hankalin yayan Mai_Kango da duk mai raina wannan sana'a. Ya tabbata a Bukhari cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya nuna mutum ya ɗauki igiyarsa ya yo damin itace a bayansa ya sayar, ya kare mutuncinsa, ya fi masa alheri a kan ya roƙi mutane, su ba shi ko su hana shi. Sana'ar da aka buga misali da ita wajen kare mutunci ba abin dariya ba ce.

Tsohon_Malamin_Daji:
Allah ya gafarta Malam, hadisi gaskiya ne, ba mai ja. Amma a lura, igiya aka ce da bayan mutum. Ba a ce injin yanka da mota mai taya goma ba. Kuma a Bukharin nan dai akwai cewa duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. A riƙa kawo su tare.

Na yi shekara 31 ina aikin daji kafin in yi ritaya. Da idona na ga wuraren da rana ba ta taɓa ƙasa saboda duhuwa, yau in ka tsaya kana hango mai keke daga nisan kilomita biyu. A da ko ba hukuma manomi ba ya sare ɗorawa ko kaɗanya, don kalwa da man kaɗe sun fi masa itacen amfani, na matan gida ne. Yanzu har su nake gani a lodi, da ɗanyen ganyensu. Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin katangar bishiyoyi tun 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, a Najeriya jihohi 11 ne a ciki, har da Kano da Jigawa da Katsina. Ana dasawa da hannu ɗaya ana sarewa da goma.

Ɗana Mai_Kango, ta fuskar kasuwanci ma wannan ya shafe ka. Dokar daji a hannun jihohi take, kuma jihohi da dama a Arewa sun sha sanar da hana sare bishiya da ƙona gawayi. Dajin Falgore da ke wajen Doguwa gandun gwamnati ne, ba a sara a ciki. In aka kama motar da ka riga ka biya, kuɗinka sun tafi, direba zai ce ƙaddara ce. Ka nemi ganin takardar izini kafin ka ba da ko sisi.

Direban_Kanta:
Baba, da girmanka, amma takardar nan wa ke sayar mana da ita? Mu ba ma shiga daji sai an buɗe mana hanya.

Tsohon_Malamin_Daji:
Ban ce duk na cikinmu tsarkaka ne ba, ɗana. Na san abin da kake nufi, kuma ya fi ci min rai fiye da kai.

Dan_Maradi:
Salamu alaikum ƴan uwa na Najeriya. Mu nan an gwada wata dabara tun 1992, aka yi doka ta kasuwannin icce na karkara. Ƴan ƙauyen da ke kusa da daji su ke da kwamiti, a raba dajin kashi-kashi, bana a sari nan, baɗi a bar shi ya huta. Mai mota ba ya shiga daji, wurin kasuwar zai tsaya ya saya da ma'auni, tsibi mai mita guda ta kowane gefe. Harajin ma an bambanta, iccen da ya fito daga dajin da ake kula da shi ya fi sauƙin haraji bisa ga wanda aka saro barkatai, kuma wani kaso yana zama ga ƙauyen. Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Dajin Baban Rafi da ke ciyar da Maradi yanzu ɓarayin daji sun sa mutane na tsoron shiga.

Abin da ya fi ba mu amfani shi ne sassaben zamani. In kana sharar gona ba ka tumɓuke kututture, sai ka zaɓi tofo biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka sassabe sauran. Nan ƙasar Maradi aka faro shi a shekarun 1980, yau ana maganar hekta wajen miliyan 5 da suka farfaɗo tsakanin nan da Damagaram. Gonar tsohona akwai gawo da kalgo da sabara, duk shekara rassan da muke ragewa sun ishe mu girki, tsohuwa ta sayar da saura ta sa jikkuna a lalitarta. Gawo kuma da damina yake zubar da ganye, bai hana hatsi rana.

Bakatsine_01:
Wannan ai noman itace ne, shi kuma bawan Allah kango gare shi ba gona ba.

Dan_Maradi:
Na sani. Nufina ya nemi manoma masu rage rassa da masu gonar turare ko darbejiya ya riƙa saye gare su. Babu mai kama shi a hanya, kuma kusa ne.

Hajiya_MaiWaina:
In dai darbejiyar ce a bari ta bushe tukuna, na roƙe ku.

Yar_Yerwa:
Ku kuna lissafin riba, mu nan Borno lissafin rai ake yi. Mutanen da ke sansanonin gudun hijira ba su da gona ba su da jari, itace ne kaɗai abin da za su samo su sayar su ci. Na kusa da gari ya ƙare, sai an yi nisa, nisa kuwa kun san su wa ke can. A watan Maris na 2024 mata da yara masu yawa aka kwashe a wajen Gamboru Ngala, itace suka fita nema. Maƙwabcinmu da amalanke yake fita, in ya wuce la'asar bai dawo ba matarsa ba ta iya zama, tana bakin ƙofa. Duk damin da na saya sai na tuna wannan.

Almajirin_Malam:
Allah ya kawo mana ƙarshen wannan musiba, ya tsare bayinsa.

Direban_Kanta:
Amin. Mu ma hanyar Birnin Gwari mun daɗe da yafe ta, alhali can ne itacen kirki yake.

Gas_Zalla:
Ni fa ina ganin kuna shirin zuba kuɗi a sana'ar da ke mutuwa. Yaran yanzu wace amarya ce za ta yarda ta hura murhu? Tukunyar gas tana cikin kayan ɗaki. Gidajen haya na yanzu ma ba tsakar gida, mai gida ba zai bari a baƙanta masa bango ba. In ma dole sai makamashin gargajiya, gawayi ya fi tafiya a birni, ba hayaƙi, ba cin wuri, buhu ashirin sa shiga lungu ɗaya.

Ummu_Yara_Tara:
Malam mai gas, gidanka mutum nawa ne? Mu goma sha huɗu muke cin tukunya ɗaya. Ka taɓa tuƙa tuwon mutum goma sha huɗu a kan gas? Ko dafa wake? Amarya ce ni ma da tukunyar gas ɗina na zo, tana nan ƙarƙashin gado tare da risho, shi ma tun da kananzir ya fi ƙarfinmu ya yi ritaya. Iyayenmu sun ga irin wannan a zamanin Abacha, har murhu aka sa wa sunansa. Gas sai ka tara kuɗi a dunƙule, itace kuwa da abin da maigida ya bari da safe za ka saya. Ga biki, ga suna, ga sadakar bakwai, duk tukunyar ƙarfe ce a kan duwatsu uku. Ga jego, kwana arba'in ana dafa ruwan wanka safe da yamma. A garinmu in mace ta kusa haihuwa itace ne farkon abin da miji ke tarawa, tun kafin rago.

Tsohon_Malamin_Daji:
Kuma gawayin da kake yabo ya fi cin daji. Yadda ake ƙona shi a rami a rufe da ƙasa, sai an ƙona itace kilo biyar zuwa goma kafin a sami kilo ɗaya.

Dan_Injamena:
Ku yi hattara da gawayi. Mu a Chadi gwamnatin Idriss Deby ta hana shi shiga Injamena wajen farkon 2009, dare ɗaya. Waɗanda suka tara buhuna suka rasa yadda za su yi, mata kuma har kashin shanu da tsofaffin kujeru suka ƙona. Sana'ar da sanarwa ɗaya a rediyo za ta iya rufewa, kada mutum ya zuba duk abin da ya mallaka a ciki.

Yar_Asibiti:
Yaya Ummu, Allah ya raya yara, amma ki riƙa girkin a fili don Allah, kuma a sauke goyo kafin a durƙusa gaban murhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin girki a cikin gida yana kashe mutane wajen miliyan 3 a duniya duk shekara, yawanci ta ciwon huhu da na zuciya. Muna ganin jarirai da ciwon haƙarƙari, in ka tambaya a ɗakin girki suke wuni a bayan uwa. Wankan jegon ma, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ruwa mai tsananin zafi da kwanciya a gadon wuta da yawan kunun kanwa da ciwon zuciyar da ke kama masu jego.

Ummu_Yara_Tara:
Ƙanwata, na ji ta hayaƙi, kuma ina kiyayewa. Ta wanka kuwa ki zo ki faɗa wa surukata da bakinki, ni ba ni da wannan ƙarfin halin.

Lissafi_Dole:
An yi nisa da tambayar. Mai_Kango, kana da aikin yi ko zaune kake? Domin duk lissafin Malam Abu a kan mutumin da ke faskare da hannunsa yake zaune a wurin daga safe zuwa dare aka gina shi.

Mai_Kango:
Ina koyarwa a wata makarantar firamare, sai ƙarfe biyu nake dawowa. Tunanina in sa ɗan yayata ya zauna da safe, in ɗauki mai faskare.

Na_Gwada_Na_Bari:
To a nan gizo ke saƙar. Itace ba shi da lamba a jiki, ba kamar katan ɗin lemo ba ne da za ka ƙirga da dare. Yaro zai ƙara wa budurwarsa gyara, ya ba abokinsa bashi, ya ce an saya da arha. Kuma kowace maƙwabciya za ta aiko a sam mata guda biyu wuta ta mutu, ka hana a ce malam ya yi rowa.

Abu_Gatari:
Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Maganinsa a ɗaure komai. Ni da tsohuwar roba ta tayar babur nake ɗaurewa, ƙulli-ƙulli, kowanne da kuɗinsa, in ƙirga da safe in ƙirga da dare. Ɓawo da 'yan guntaye kuma a tara su gefe, su ne na maƙwabta da gyara. Amma tunda ba kai za ka riƙe gatarin ba, cikin biyun nan da na ce sai ka cire rabin ɗaya. Kuma kada ka fara da babbar mota. Ka sauke a-kori-kura guda, ka ga kwana nawa za ta yi.

Lissafi_Dole:
Alhamdu lillahi, Malam Abu ya dawo layina da kansa.

Abu_Gatari:
Ban dawo ba. Ɗaya da rabi a wata, ka nuna min bankin da zai ba shi haka.

Gas_Zalla:
Bankin dai ba ya harbi da kunama.

Hajiya_MaiWaina:
Wani abu da ba wanda ya tambaya: dattijon nan da ke kasawa a bakin titinku fa? Shekara nawa yana wurin? In ka buɗe a bayansa da mota guda ka kashe masa kasuwa, unguwa ba za ta yi maka kallon kirki ba. Ka je ka gaishe shi tukuna. Wataƙila ma shi ba shi da wurin ajiya ne, shi ya sa kayansa ke ƙarewa da la'asar. Kai kana da kango, shi yana da masu saye da sanin itace.

Mai_Kango:
Wallahi Hajiya wannan bai zo min a rai ba sam, kuma abokin marigayi mahaifinmu ne. Gobe in Allah ya kai mu bayan sallar asuba zan tsaya wurinsa. Malam Abu, tambaya ta ƙarshe: tunda ba rufi, leda zan saya in lulluɓe ko sai na kafa rumfar kwano? Kuɗin ba za su ɗauki kwano da itace a lokaci guda ba.

Abu_Gatari:
Leda ta isa a shekarar farko, amma sama kaɗai za ka rufe, ka bar gefe iska na shiga. In ka naɗe shi ruf gumi zai yi ya yi funfuna, ka buɗe ka tarar da abin da Hajiya ba za ta saya ba. Ka danne ledar da duwatsu, iskar farkon damina ba ta da wasa.

Na_Gwada_Na_Bari:
Ina da tsohuwar tamfol da gatari biyu a gida tun wancan lokacin, ba abin da nake yi da su. In ka tashi ka yi min magana ta akwatin sirri. Ɗaya gatarin dai sai an sake masa ƙota.